Ba Ustazanci Ba Ne, Ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso, na karanta ina dariya. Ka ce ka yi wa ƙaninka tayin haɗa wa ƙungiyar kiɗansu bidiyo kyauta, ya ce su ba sa yi, shi ne kake tambaya ko ustazanci ne ya kama shi a ƙasar Turawa, irin na masu cewa hoto haramun ne. Ina! Yaron da sai na buga masa ƙofa sau uku kafin ya tashi sallar asuba? Abin da yake bi tsohuwar al'ada ce ta masu kiɗan punk a nan Washington, kuma na ga tashenta da idona tun ina tuƙa tasi.

A ranar 1 ga Agusta 1981 aka buɗe tashar talabijin ta MTV, wadda a lokacin ba ta da aiki dare da rana sai nuna bidiyon waƙoƙi. Ba a jima ba ta zama ita ce mai tsaron ƙofar kasuwa: wanda ta haska faifansa ya tafi, wanda ta ƙyale ya yi ta jira. Bidiyon kuwa kamfanin faifai ne ke biyan kuɗinsa, yawanci kuma daga baya ya zare wani kaso daga rabon mawaƙin. Ga zaɓen fuska. A shekarun farko da wuya ka ga baƙar fata a tashar, har sai da mawaƙin Birtaniya David Bowie ya titsiye ma'aikacinsu da wannan tambaya a wata hira a 1983.

Su kuwa 'yan punk yara ne masu jita da ganga da ihu, waƙa minti biyu an gama. Su suke buga faifansu, su liƙa kwalinsa da hannu, su aika ta gidan waya. A ganinsu bidiyo talla ne kawai, kuma ranar da ka karɓi kuɗin talla ka yi ubangida. Kai ka san bambancin mawaƙin fada da wanda ke kiɗa a dandali. Na fada ya fi samun riga da doki, amma akwai maganar da ba zai taɓa sawa a waƙa ba.

Kowa da yadda ya nuna ƙin. Dead Kennedys na San Francisco sun yi waƙa sukutum a 1985 suna cewa tashar ta sauka daga iska. The Replacements na Minneapolis, da kamfani ya matsa musu, sai suka ba shi bidiyo baƙi da fari wanda kyamara ta kafe a kan lasifika, babu fuskar ko ɗayansu, a ƙarshe wani ya harbe lasifikar da ƙafa. Wannan ya fi burge ni, don akwai tsiya a ciki.

Namu na gida su ne Fugazi, da suka fara wasa a 1987. Jagoransu Ian MacKaye shi da abokinsa suka kafa ƙaramin kamfanin Dischord tun 1980. Ba su yi wa tashar bidiyo ba, ba su sayar da riguna masu sunansu ba, kuɗin shiga wasansu a lokacin galibi dala 5 ne, kuma ba a hana yara shiga. Na taɓa tsayawa kallonsu kyauta a filin Fort Reno. Gaskiya kunnena bai ji daɗi ba, ni mutumin kalangu ne. Amma da yawa daga cikin yaran ba sa shan giya, abin da ya sa ban hana ƙaninka bin su ba.

Kada ka ɗauka duka suka tsaya. Wasu tun farko sun yi bidiyonsu, kuma 'yan ƙungiyar Green Day, da suka fashe a tashar a 1994 suka yi kuɗi, tsohon zauren wasansu na Berkeley ya daina karɓarsu tun da suka koma babban kamfanin faifai.

Yau kowa na riƙe da waya, duk wasan da suka yi a ɗakin ƙasan gidana sai wani ya ɗauka ya ɗora a intanet, ba su kuma damu ba. Shiryawa da kwalliya da motsa baki a kan waƙar da aka riga aka naɗa, shi ne ba sa so. To, kada ka riƙe shi a zuciya. In Allah ya kawo ka hutu ka zo da kyamararka ka ɗauke su suna gumi, amma ka haɗo da audugar toshe kunne. Ka gaida mahaifiyarka.