Wane ne "magajin garin" Sakkwato?

Tambaya: Malam, ina jin ana cewa magajin garin Landan. Mu a Sakkwato wa ke riƙe da wannan kujera, kuma wa za mu kai wa ƙorafin shara? Daga wata mai karatu a Mabera.

Amsa: Malama, Magajin Garin Sakkwato sarauta ce ta gargajiya a majalisar Sarkin Musulmi, ba kujerar zaɓe ba. Aikin da kike nufi na ciyaman ne, wato shugaban ƙaramar hukuma. A da En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ce ke tafiyar da gari, sai gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi. Yau birnin ya rabu: Sakkwato ta Arewa, Sakkwato ta Kudu, wasu unguwanni kuma suna Wamakko. Ke Mabera, ta Kudu ce taki.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu da gyaran magudanan ruwa. Inda ake samun matsala shi ne kuɗi, domin asusun haɗin gwiwa da jiha ya daɗe yana riƙe su, har Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa biyan su kai tsaye. Fara da kansilan mazaɓarki, a rubuce, ki riƙe kwafi.