Tambayoyinku Kan Lafiya: Jikin Da Ke Mutuwa Da Asuba, Ya Farfaɗo Da Rana

Wata uwa daga Azare: Likita, ɗana mai shekara 16 yakan farka da asuba ya kasa ɗaga hannu ko ƙafa, amma hankalinsa ƙalau, yana magana. Kafin azahar ya miƙe garau. Mahaifinsa ma ya yi haka yana saurayi. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, abin bai daina ba.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Wannan ya yi kama da shanyewar jiki ta gado mai zuwa ta tafi. A bangon kowace ƙwayar tsoka akwai 'yan ƙofofi da sinadaran sodiyam, fotasiyam, kalsiyam da kuloraid ke bi su shiga su fita, kuma da wannan shige-da-ficen ne tsoka ke amsa kiran jijiya. Idan aka gaji tangarɗa a ƙwayar gadon da ke gina ƙofar kalsiyam, wadda ake kira CACNA1S, wani lokaci fotasiyam na jini ya zurare cikin tsoka, sai ta yi laƙwas. Yakan taso ne idan yaro ya sha noma ko ƙwallo, ya cika ciki da tuwo, masa ko lemon kwalba da dare, ya kwanta. Don Allah kada a ce masa malalaci, ba da gangan yake yi ba.

Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ko asibiti mafi kusa, a daidai lokacin da abin ya kama shi, domin idan ya warware gwajin kan fito lafiya. A auna fotasiyam ɗinsa (na mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0), a duba bugun zuciya da kuma maƙoƙo.

Wani malamin makaranta daga Gombe: Zan iya sayen ƙwayar fotasiyam a kemis in ajiye?

Amsa: A'a, Malam. Akwai wani nau'in wannan shanyewar jiki, daga ƙofar sodiyam, wanda fotasiyam ke tayar da shi. Kuma idan fotasiyam ya yi yawa a jini yana iya tsayar da zuciya. Sai an tantance nau'in tukuna.

Wani matashi daga Kaltungo: Idan na yi musabaha sai hannuna ya ƙi sakewa na ɗan lokaci. Iyayena 'yan'uwa ne, kuma su lafiyarsu ƙalau.

Amsa: Wannan sanƙarewar tsoka ce, galibi daga ƙofar kuloraid. Wani likita ɗan Denmak, Julius Thomsen, ya bayyana ta a 1876, shi ma yana fama da ita. Akwai nau'in da sai an gaji tangarɗar daga uwa da uba duka, shi ya sa auren zumunci ke ƙara fito da shi. Motsa jiki a hankali yana sassauta ta, akwai kuma magani. Duk ranar da za a yi maka tiyata, ka faɗa wa mai ba da maganin barci tun kafin ka hau gado.