Tambayoyinku kan iPad: me take iyawa, me ya gagare ta?

Assalamu alaikum. Waɗannan tambayoyi da amsoshi na shekarar 2010 ne, kan iPad ta farko, don haka duk abin da ke ciki halin wancan lokaci ne. Tun ranar 3 ga Afrilun 2010 da kamfanin Apple ya fara sayar da iPad a Amurka, yawancin saƙonnin da suka riƙa shigo mini a kanta suke. Da yake tambayoyin suna kama da juna, na zaɓi waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

Wani malamin sakandare daga Zariya: Malam, wai ita iPad ɗin nan waya ce ko kwamfuta? Na ji wasu na cewa iPhone ce kawai aka ƙara wa girma.

Malam, masu wannan magana ba su yi ƙarya ba, amma ba su gama ba da labari ba. Na'ura ce shimfiɗaɗɗiya kamar allon karatu, gabanta duk gilashi ne mai faɗin inci 9.7, kuma da yatsa ake sarrafa ta. Nauyinta giram 680, kaurinta rabin inci. Manhajar da ke tafiyar da ita irin ta iPhone ce, shi ya sa duk wanda ya taɓa riƙe iPhone ba ya bukatar a koya masa komai.

Shugaban Apple na wancan lokaci, Steve Jobs, ya fito da ita bainar jama'a a birnin San Francisco ranar 27 ga Janairu, kuma tun a ranar masana fasaha da yawa suka yi mata ca. Sun sa ran ganin cikakkiyar kwamfuta, sai ga abin da ba shi da kyamara, ba shi da ƙofar USB, kuma ba ya buɗe manhaja biyu a lokaci guda. Amma da ta shiga kasuwa sai masu saye suka nuna ra'ayinsu daban yake: an sayar da sama da 300,000 a ranar farko, miliyan ɗaya cikin kwana 28. Saboda yawan bukata a Amurka har sai da kamfanin ya ɗage fitar da ita a sauran ƙasashe zuwa 28 ga Mayu, kuma cikin ƙasashe tara da suka fara samu babu ta Afirka ko ɗaya.

A ganina girman gilashin ba ƙaramin abu ba ne. Shafin jarida da kake ta ja da matsowa a waya, a nan gaba ɗayansa yake bayyana a gabanka. Da ka danna maɓalli ta tashi, babu jiran da muka saba yi wa Windows. Wajen karatu, kallo da yawo a intanet, ban ga abin da ya kai ta daɗin hannu ba. Wajen yin aiki kuwa, nan ne matsalolin suke, kuma tambaya ta gaba ta kai mu can.

Wani Alhaji mai shagon atamfa a Kano: Ba ni da kwamfuta. Ƙanena zai dawo daga Amurka, ina so in ce ya taho mini da iPad in riƙa ajiye lissafin kaya da na bashi. Me ka gani?

Ranka ya daɗe, shawarata ita ce kada ka saye ta don wannan aiki, kuma zan ba ka dalilai.

Ranar da aka ciro ta daga kwali, ba za ta yi komai ba sai an haɗa ta da kwamfuta mai manhajar iTunes. Hoton wayar USB da alamar iTunes kawai za ta nuna maka. Ana iya yi maka wannan a shagon da aka saya, amma zancen bai ƙare a nan ba. Sabunta manhajarta, ajiye kwafin bayananka don gudun ɓacin rana, zuba mata waƙoƙi da bidiyon da kake da su, duk ta kwamfuta ake bi. Wato an ƙera ta ne don wanda ya riga ya mallaki kwamfuta. Idan lissafin bashin shekara guda yana cikinta kaɗai, ta faɗi ko aka sace, shi ke nan.

Sai maganar USB. Turawa sun fi surutu kan rashin kyamara da rashin Flash (manhajar nuna bidiyo a shafukan intanet), amma mu a nan rashin ƙofar USB ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Da filas muke kai takarda wurin masu buga takardu, da shi muke karɓar fayil daga abokin ciniki. Sannan a 2010 yawancinmu da modem ɗin nan da ake sokawa a kwamfuta muke hawa intanet, ko na Starcomms ne, ko na Visafone, ko na MTN. Babu ko ɗaya daga ciki da zai shiga jikin iPad. Ƙofa ɗaya gare ta a ƙasa, irin ta iPod, sai ramin abin sauraro na kunne a sama. Akwai wani ɗan mahaɗi da Apple ya riƙa sayarwa dala 29 a 2010, mai karɓar katin SD da wayar kyamara, amma hotuna da bidiyo kawai yake ɗaukowa.

Ba ta kuma tura takarda zuwa firinta kai tsaye. In kana son rasit a kan takarda, sai ka aika wa kanka ta imel, ka buɗe a kwamfuta, sannan ka buga.

Akwai manhajar lissafi mai suna Numbers da ake saye dala 9.99 a 2010. Tana buɗe fayilolin Excel, amma idan ka gama aiki ba ta mayar maka da shi a matsayin Excel, sai dai PDF ko tsarinta na kanta. Akawunka ko yaron shagonka da ke amfani da Excel ba zai iya ci gaba daga inda ka tsaya ba.

Mafi arhar iPad, mai gigabait 16, dala 499 ce a Amurka a 2010 kafin haraji, wato wajen naira 75,000 a canjin wancan lokaci. A lokacin, da kuɗin da bai kai haka ba, ana samun ƙaramar laftof irin su Acer Aspire One ko HP Mini, mai madannai na gaske, mai ƙofofin USB, mai karɓar modem da firinta. Ba ta kai iPad kyan gani ba, kuma tana da nawa wajen tashi, amma ita ce za ta riƙe maka lissafin shago. In Allah ya ƙara buɗi daga baya, sai a sayi iPad don karatu a gida.

Wani ɗalibi daga Maraɗi: Zan iya tura mata karatun Alƙur'ani da wa'azin da ke wayata ta Bluetooth?

A'a, ɗan'uwa. Tana da Bluetooth, amma Apple ya taƙaita shi ga abubuwa kamar madannai da abin sauraro na kunne, ba ya karɓar fayil daga Nokia ko wata waya. Ba ta kuma da wurin sa memori, don haka masu tura karatu da waƙoƙi a kasuwa ba za su iya yi maka yadda suka saba ba. Hanyar ita ce ka kwashe fayilolin zuwa kwamfuta, ka zuba su cikin iTunes, ka haɗa iPad da kwamfutar ta wayar USB ka tura. Sautin MP3 yana shiga lafiya lau. Bidiyon faifan VCD kuwa sai an juya shi zuwa MP4 tukuna.

Wani ma'aikacin banki daga Kaduna: Mene ne wannan Flash da ake ta rigima a kansa, kuma rashinsa zai shafe ni?

Flash manhaja ce ta kamfanin Adobe wadda a 2010 shafukan intanet da yawa ke amfani da ita wajen nuna bidiyo, sauti, wasanni da tallace-tallace masu motsi. A iPad, duk inda aka sa shi a shafi sai ka tarar da gurbi babu komai. Da gangan Apple ya hana, kuma ranar 29 ga Afrilu Steve Jobs ya fitar da doguwar wasiƙa yana kare matakin. Hujjojinsa su ne Flash mallakar kamfani ɗaya ne, yana shan batir, yana yawan sa kwamfuta ta tsaya cak, kuma an tsara shi ne don linzamin kwamfuta, bai dace da taɓawa da yatsa ba. Ya ce makomar intanet tana ga HTML5, tsarin gina shafukan intanet wanda ba mallakar wani kamfani ba ne. Adobe ya musanta, yana ganin Apple na so ne kowa ya bi ta kantinsa na manhajoji.

Ni ina ganin kowannensu yana da gaskiya a wani ɓangare. Duk mai tsohuwar laftof ya san yadda fankarta ke ƙara da zarar an buɗe shafi mai Flash. Amma kuma gaskiya ne a 2010 Apple na karɓar kashi 30 cikin ɗari na kuɗin duk manhajar da aka saya a kantinsa, kuma babu manhajar da ke shiga iPad sai da amincewarsa.

A aikace, a 2010 YouTube yana yi, domin akwai manhajarsa a ciki. Facebook yana buɗewa, amma wasanni irin su FarmVille ba sa yi. Idan kana sauraron shirye-shiryen rediyo ta intanet, ka gwada shafin tashar da ka fi saurara a iPad ɗin wani kafin ka saya, domin da yawa da Flash suke watsa sautinsu.

Wata Hajiya daga Sakkwato: 'Yata tana karatu a Malesiya. Zan iya ganinta muna magana da wannan na'ura?

Hajiya, ki yi haƙuri, ba za ta yi miki wannan ba. Babu kyamara a jikinta, gaba ko baya. Tana da makirfo da lasifika, don haka a 2010 idan akwai Wi-Fi ana iya gaisawa da murya ta manhajar kira ta Skype. Don ganin fuska, laftof mai kyamara za ki nema.

Masu tambaya da dama: Layin MTN, Glo, Zain ko Etisalat zai yi aiki a ciki?

Iri biyu ce. Akwai mai Wi-Fi kaɗai, akwai mai Wi-Fi da 3G wadda ta fito ranar 30 ga Afrilu, da ƙarin dala 130. Ta farkon ba ta karɓar layi kwata-kwata, kuma ba ta da ƙofar wayar intanet irin wadda ake sokawa a shagunan intanet. In babu Wi-Fi a gidanka ko ofishinka, wannan ba taka ba ce. Ina jaddada wannan saboda ita ce mai arha, kuma ita 'yan'uwa za su fi saurin kawowa tsaraba.

Mai 3G ba a ɗaure ta da kamfanin waya ɗaya ba, kuma tana kama zangon 3G ɗin da layukanmu ke amfani da shi. Inda babu 3G sai ta koma EDGE, wato intanet mai nawa. Sai dai layinta ƙarami ne, ana ce masa micro-SIM, milimita 15 da 12, alhali wanda ke wayoyinmu 25 ne da 15. Ƙarfen da ke tsakiya yana aiki iri ɗaya, shi ya sa ake yanke robar gefe har ya shiga. A kai wa mai gyaran waya da ya iya, kuma a yanka layin da ba a damu da shi ba. Ko da layin ya shiga, intanet kawai zai ba ka. Ba a kira da shi, ba a tura tes.

Wani injiniya daga Maiduguri: Yaya batirinta, da wannan hali na wutar lantarki da muke ciki?

A nan kam ta ciri tuta. Apple ya ce awa 10, kuma waɗanda suka gwada ta sun samu fiye da haka: Walt Mossberg na jaridar Wall Street Journal ya samu kusan awa 11 da rabi yana kallon bidiyo, David Pogue na New York Times ya haura awa 12. Laftof ɗin da yawancinmu ke riƙewa da ƙyar take kai awa uku. Ka yi caji da dare lokacin da aka tada janareto, ta kai ka har wani daren. Cajarta tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, mahaɗin soket kawai za ka saya. Ka yi caji da cajarta mai wat 10, domin ƙofar USB ta kwamfutoci da yawa ba ta da ƙarfin da zai ishe ta.

Abu biyu zan ja hankalinka a kai, injiniya. Batirin a rufe yake, ba a cire shi kamar na Nokia, kuma a 2010 Apple na karɓar dala 99 don sauya shi idan ya mutu, a ƙasashen da yake da wurin gyara. Na biyu shi ne zafi. Kamfanin ya rubuta cewa a yi amfani da ita tsakanin digiri 0 zuwa 35, kai kuwa ka san Maiduguri, Sakkwato da Yamai suna haura 40 a wannan lokaci na bazara. Tun a makon farko wasu a Amurka suka ba da labarin cewa sun zauna da ita a rana, ta nuna saƙon cewa sai ta huce, ta daina aiki. Kada a bar ta a mota, kuma a yi amfani da ita a inuwa. Dama a cikin rana gilashin ƙyalli yake yi, ba a ganin rubutu sosai.

Wani malamin Islamiyya daga Katsina: Zan iya karanta littattafan Larabci in kuma yi rubutu da ita?

Allah ya gafarta Malam, karatu zai yiwu. Tana nuna shafukan Larabci a intanet, tana buɗe PDF, kuma littafin da aka ɗauki hoton shafukansa yana fitowa sarai a wannan gilashi. Akwai manhaja mai arha, GoodReader, da ke ajiye irin waɗannan fayiloli masu nauyi. Manhajojin Alƙur'ani da aka yi don iPhone suna aiki a kanta, sai dai ko su tsaya ƙanana a tsakiyar gilashi, ko a ninka girmansu rubutun ya ɗan dushe.

Rubutu ne ke da saura. Madannan da ta zo da su na harsuna kaɗan ne, irin su Ingilishi, Faransanci, Jamusanci, Rashanci da Jafananci. Babu Larabci a ciki, babu kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Haka nan ba za ka buɗe ƙamus a gefe kana rubutu a gefe ba, sai ka rufe wannan ka buɗe wancan. Ranar 8 ga Afrilu Apple ya nuna sabuwar manhajarsa ta huɗu wadda ke barin manhajoji su ci gaba da aiki a bayan fage, ya ce za ta iso iPad wajen ƙarshen shekarar 2010. Idan rubutu da nazari ne babban aikinka, Malam, ka dakata har wannan sabuntawa ta fito mu ga abin da ta kawo. Idan kuwa wani ya kawo maka ita kyauta, ka roƙe shi ya zuba maka littattafan ta kwamfutarsa kafin ya miƙa maka.