Amsar tambayar Alhaji kan fankar firij ɗin motar kwana

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari saƙonka, ka ce firij ɗin motar kwananka, irin wadda Turawa ke yawon hutu da ita, da dare yana sanyi lafiya lau, amma rana na takewa a Sifen sai ruwa ya koma ɗumi, kuma kana son ka sa masa fanka. To fanka za ta taimaka, in an sa ta inda ya dace.

Ka ga irin wannan firij ɗin, na Dometic ko Thetford mai aiki da gas, da batir, da wutar gida, ba shi da kwamfiresa. Zafi ne ke zagaya amoniya a cikin bututu, sannan zafin ya fita ta waɗancan faranta sirara da ke sama ta baya. In zafin gari ya haura digiri 32, iskar bayan firij ɗin sai ta tsaya cik, zafi ya rasa hanyar fita. Aikin fanka shi ne ta fitar da wannan iskar.

A jikin motar, saitin bayan firij ɗin, akwai ragar iska biyu, sama da ƙasa. Saboda haka a bayan ragar sama za ka ɗaura ta, tana hurawa waje, iska mai sanyi kuma ta shigo da kanta ta ragar ƙasa. Kar ka sa ta ƙasa kusa da bakin wutar gas, za ta iya kaɗa harshen wutar ko ta kashe shi. A gefen fankar akwai 'yar kibiya da ke nuna inda iska ke bi, ka duba kafin ka ɗaure.

Kaya kuwa ba su da yawa: fankar kwamfuta mai volt 12, milimita 92 ko 120, guda biyu in wuri ya isa, waya mai kauri murabba'in milimita 0.75, fiyus na amp 1, makunni, sai tamostat ƙarami, wato makunni mai aiki da zafi, irin KSD9700 na digiri 45 ko 50. Ka tabbata ka sayi wanda aka rubuta NO a jikinsa, wato sai ya ji zafi yake haɗa wuta. In ka ɗauko NC, fanka za ta yi ta juyi da sanyi, ta tsaya lokacin da ake buƙatarta.

Yanzu inda mutane suka fi kuskure, wajen ɗaukar wuta. A bayan firij ɗin layin volt 12 biyu ne. Mai kaurin, na hitar da ke ba firij ɗin zafi ne, kuma sai injin mota na aiki yake samun wuta. In ka jona can, kana kashe mota fanka ta mutu, alhali a ajiye cikin rana ake son ta. Ka sa mita ka nemo siririn da ke da wuta kullum daga batirin ɗaki, ba na injin mota ba, mai ba fitilar ciki wuta. Daga nan jar waya ta bi fiyus, fiyus kusa da inda ka ɗauka, sai makunni, sai tamostat, sai jar wayar fanka. Baƙa ta koma nagatif. Rawayar wayar fanka, naɗe ta da tef ka bar ta. Fanka biyu, ja da ja, baƙa da baƙa. Kowace na jan wajen amp 0.15, ko ta wuni ta kwana bai kai amp-awa 4 ba.

Tamostat ɗin a jikin farantan sama za ka maƙale shi, nesa da bututun hayaƙi, don can kullum da zafi, fanka ba za ta huta ba. Wayoyin ma ka ɗaure su nesa da shi, roba narkewa take.

Don Allah Alhaji, kafin ka taɓa komai ka rufe gas, ka zare wutar gida, ka cire kan batir. Kuma kar dirila ko sukuru ya taɓa bututun nan, amoniya ce a matse a ciki, in ta fashe tana ƙona ido da huhu, firij ɗin kuma ya tashi aiki. In ka huda bango don wayar makunni, ka toshe ramin da silikon kar hayaƙin gas ya shiga ɗaki.

Af, sannan ka duba yadda kake ajiye motar. In ta karkace sosai amoniya ba ta zagayawa, fanka ba ta gyara wannan. Ka turo hoton bayan firij ɗin in nuna maka wayar da za ka ɗauka.