Hannun PS4 yana caji a laftof amma gem ba ya jin sa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, nan Legas. Ina da hannun PS4 da laftof mai Windows 11. In na jona shi da kebul fitilarsa tana kamawa, amma in na buɗe gem ko motsi ba ya yi. Abokina ya ce hannun ne ya mutu, in tafi kasuwar Computer Village da ke Ikeja in sayo na Xbox. Dole sai na saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ajiye kuɗinka tukuna. Kamawar fitila wuta kawai take nunawa, ba ta nuna cewa kwamfuta ta san da zaman hannun. Matsalar tana ɗaya daga wuri biyu: ko dai Windows ɗin ne bai gan shi ba, ko kuma ya gan shi amma gem ɗin bai fahimci yarensa ba. Gwajin minti ɗaya zai raba gardama.

Jona hannun, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta joy.cpl, ka danna Enter. Ƙaramar taga za ta fito. In ka ga an rubuta Wireless Controller a ciki, shiga Properties ka murza sanda, ka daddanna maɓallai. In alamomin suna motsi, hannunka lafiyarsa ƙalau.

In tagar wayam take, kebul za ka fara tuhuma. Hannun PS4 da micro-USB yake aiki, irin bakin tsofaffin wayoyin Android, kuma a nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Cikakken kebul zare huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta, biyu na saƙo. Da yawa daga masu arahar da ake sayarwa a bakin titi, da guntayen da ke zuwa da fawa bank, zaren wuta kaɗai gare su. Daga waje ba za ka bambance su ba. Gwada kebul ɗin da wayar salula: in kwamfuta ta nuna maka fayilolin cikin wayar, yana ɗaukar saƙo. In sayen sabo ya kama, tunda Ikeja ba nisa daga Agege, tafi da laftof ɗin da hannun, ka buɗe joy.cpl a gaban mai shago kafin ka miƙa ko sisi. Ka kuma yi hattara da jabun hannu, don suna nan jingim a kasuwa, kwalinsu tamkar na asali.

To, in Windows ya gani amma gem ya yi kunnen uwar shegu fa? Yawancin gem na kwamfuta an gina su ne kan tsarin Microsoft da ake kira XInput, wanda hannun Xbox ke amfani da shi tun zamanin Xbox 360. Na Sony ba ya bin wannan tsari, shi ya sa wani gem bai jin sa sam, wani kuma ya ji shi amma maɓallan su hargitse. Tafinta ake nema masa.

Mafi sauƙi shi ne Steam, manhajar sayen gem da buga shi a kwamfuta. Shiga Settings ɗinta, sannan Controller, ka kunna tallafin hannun PlayStation. Ko gem ɗin ba a Steam ka same shi ba, akwai Add a Non-Steam Game ƙarƙashin Games. Saka shi, ka riƙa buɗe shi daga can. Ɗaya hanyar ita ce DS4Windows, manhaja ta kyauta da ke sa kwamfuta ta ɗauki hannunka a matsayin na Xbox 360. Tana buƙatar direban ViGEmBus kafin ta yi aiki. Daga GitHub, shafin da masu ƙera manhaja ke ajiye aikinsu, za ka sauke ta, don akwai shafukan bogi masu ɗauke da sunanta. Ɗaya za ka zaɓa, kar ka haɗa biyun. In ka haɗa, gem zai ga hannu biyu, ka danna ƙasa sau ɗaya ya tsallake layi biyu. In hakan ya ci gaba bayan ka rufe Steam, wata manhaja mai suna HidHide ce ke ɓoye hannun asalin.

In kana son rabuwa da kebul, cire shi, ka danne Share da PS tare har fitilar ta fara ƙyaftawa da sauri. A laftof: Settings, Bluetooth & devices, Add device, Bluetooth, ka zaɓi Wireless Controller. In ya ƙi fitowa, akwai ɗan rami a bayan hannun kusa da L2; zura allura ka danne kamar daƙiƙa 5, ka sake gwadawa. Sai dai Bluetooth da yawancin MiFi duk a kan 2.4 GHz suke, don haka a gidan haya mai ɗaki-ɗaki inda kowa ke da nasa, za ka iya jin ɗan jinkiri tsakanin dannawa da bugun ƙwallo. Ga mai buga gasa, kebul ya fi. Kuma ranar da za ka koma kan PS4, sai ka jona hannun da kebul ka danna PS, don ya riga ya manta da ita.

Shawarar abokinka ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, hannun Xbox jonawa kawai ake yi Windows ya karɓa. Amma in wata rana za ka sayi na hannu, ka lura: na Xbox One na farko, na 2013, ba shi da Bluetooth, sai daga wanda ya zo da One S a 2016. Dubi robar da ke kewaye da tambarin Xbox. In haɗe take da fuskar hannun, yana da shi; in haɗe take da ɓangaren sama wajen LB da RB, babu. Na Xbox 360 mara waya kuwa, kebul ɗin cajinsa ba ya ɗaukar saƙo, sai ka nemo rasibarsa ta musamman mai bakin USB.