Filin Tambaya da Amsa: Koya wa Ƙananan Yara Waƙa da Kiɗa a Unguwa

Tambaya: Ni malamar ajin rainon yara ce a Zariya. Ina so in riƙa tara yaran unguwarmu, 'yan shekara 3 zuwa 6, muna waƙa duk ranar Asabar. Sau biyu na gwada, duka suka ƙare da kuka da ƙwacen ganga. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Daga bayaninki, kayan kiɗa kika fara fito da su, kuma ba su kai yawan yaran ba. Yaro ɗan shekara 4 in ya ga ganga ɗaya a tsakar gida, kunnensa ya toshe ke nan, babu abin da zai ji sai ya taɓa ta. Ki ɓoye kayan a buhu har zama ya yi nisa.

Kada yara su wuce 12, ku kuma manya ku zama biyu: ɗaya na ba da waƙa, ɗaya na kula da mai jin fitsari da mai neman rigima. Minti 30 ya isa. A shimfiɗa tabarma a zauna a da'ira, ke ma ki zauna ƙasa tare da su. Ki buɗe da gajeriyar waƙar gaisuwa wadda za a ambaci sunan kowane yaro a ciki, kuma kada ki sauya ta, ita ce dai duk mako. Daga nan sai tafi da taka ƙafa na kamar minti 7, sannan bayarwa da amshi. A nan ya kamata ki fi daɗewa. Haka 'yan mata ke koyon gaɗa a dandali tun kaka da kakanni: babu mai zaunar da su ya karanta musu baiti, zabiya ta bayar, saura su amsa, kafin dare ya raba kowa ta haddace. Amshin ya zama kalma uku ko huɗu. Ki maimaita har ke ki gaji, su a lokacin ne suka fara jin daɗinsa.

Sai a minti 10 na ƙarshe za a buɗe buhu, kowa da nasa, iri ɗaya. Kafin ki raba, ki koya musu alamar tsayawa: in kin ɗaga hannu biyu sama, kowa ya ajiye abinsa a gabansa. Ki mai da shi wasa, a yi sau biyar. A rufe da waƙar reno mai sanyi, don kada ki mayar wa iyaye yara a birkice.

Abu biyu kuma ki lura da su. Yara kan yi ta ƙara sauri har kiɗa ya watse. Maganinsa a miƙe a zagaya da'irar ana takawa, ƙafa tana riƙe musu lokaci. Wanda ya lafe a gefe bai buɗe baki ba, a ƙyale shi. Sau da yawa uwarsa ce za ta zo ta gaya miki ya ishe su da waƙar a gida.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta matasa a Maraɗi ba ta da kuɗin sayen kalangu ga kowane yaro. Me za mu yi amfani da shi?

Amsa: Ko da kuɗin, kalangu ba na ƙaramin yaro ba ne. Sai an matse tsirkiyarsa a hammata ana sassautawa yake magana, hannun ɗan shekara 5 bai kai nan ba. Ku gayyato makaɗi ya kaɗa musu sau ɗaya su gani, su taɓa fatar.

Ku nemi ƙananan gorunan ruwa na roba, a wanke a shanya su bushe sarai, don in da danshi hatsin zai yi fumfuna. A zuba cokali uku na shinkafa ko gero a kowace. In aka cika ta da yawa, ƙarar takan dushe. Wake ya fi amo, amma goruna 12 na wake a ɗaki ɗaya sai kan kowa ya yi ciwo. A shafa gam a murfin, a murɗe, a naɗe da salatif, kuma a duba kafin kowane zama: yaro zai iya jefa ƙwayar a hanci ko ya shaƙe da murfin. Ƙwarya kuwa a kife ta a kan zane da aka ninka, a buga da tafin hannu. Kada a ba su sanda, kan ɗan'uwa za ta sauka. Kiɗan ruwa, wato ƙwarya kife a cikin baho, yana da daɗi, sai dai ba a barin ƙanana kusa da bahon ruwa ko na ɗan lokaci. Da hunturu ƙwarya kan tsage, wadda ta fashe a cire ta.

Tambaya: Wasu iyaye sun ce ba su yarda 'ya'yansu su yi kiɗa ba. Yaya za a yi?

Amsa: A girmama ra'ayinsu, kada a ja da su. Kafin a fara komai a je wa mai unguwa, a kuma kauce wa lokacin Islamiyya da na salla. A rubuta baitocin a nuna wa iyaye, a bar ƙofa a buɗe ga duk uwar da ke son zama. Mafi yawan abin da muka zayyana a sama da murya da tafi ake yinsa, don haka ana iya ware zama guda babu ganga babu gora, a yi waƙoƙin ƙidaya, na sunayen ranaku da na gaida manya. A nemi tsofaffin unguwa mata su ba da waƙoƙin da suka tashi da su. Waɗannan sun fi zama a bakin yaro a kan karin waƙar Turawa da aka cusa wa kalmomin Hausa, inda sautin kalma kan karkace har ma'anarta ta sauya.