Tambayoyinku kan Jiddah: tarihi, harami, zafi da hanyar Makka

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan karon kan birnin Jiddah suke, musamman daga masu shirin Umara. Mun zaɓi waɗanda suka fi maimaituwa.

Tambaya: Kullum a Jiddah ake sauke alhazai, a zuba su a mota sai Makka. Garin yana da wani tarihi kuwa, ko dai filin jirgi ne kawai da kasuwa?

Amsa: Malam, filin jirgin ai jiya-jiya ya zo, a 1981 aka buɗe shi. Jiddah tana bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 75 yamma da Makka, kuma tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan take ƙofar Harami. Shi ne ya mayar da tashar jiragen ruwan Makka daga Shu'aiba zuwa nan, wajen shekara ta 26 bayan Hijira. Daga nan galibi mahajjacin da ya biyo ruwa, daga Masar ne ko Indiya ko Jawa ko gaɓar Sudan, a nan yake fara taka ƙasa. Shiga tashar ba wasa ba ne, don duwatsun murjani sun yi mata shinge a ƙarƙashin ruwa. Manyan jirage kan tsaya can nesa, ƙananan kwale-kwale su riƙa jidar mutane da kaya.

A farkon ƙarni na 16 Turawan Fotugal suka ɓullo a tekun, suna neman ƙwace cinikin kayan yaji. Dalilin da ya sa Mamalikun Masar, masu mulkin yankin a lokacin, suka kewaye garin da ganuwa ke nan. Fotugal sun kawo hari a 1517, ba su ci nasara ba. Ganuwar ta tsaya har 1947, lokacin da aka rushe ta don gari ya sami wurin faɗaɗa. Kafin nan, a Disambar 1925, Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa Saudiyya, ya karɓi garin daga hannun Sharifan Makka. Yau mutanen Jiddah sun doshi miliyan 4, ita ce birni na biyu a Saudiyya bayan Riyad, kuma a nan hedikwatar Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da ta Bankin Raya Ƙasashen Musulmi suke.

Abin da ya rage na cikin ganuwa shi ake kira Al-Balad, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Idan yini ɗaya gare ka a garin, nan za ka nufa, ka bar manyan kantuna, irinsu suna ko'ina. Gidajen da dutsen murjani aka gina su, hawa uku, huɗu, wasu har fiye. Dutsen ba shi da nauyi amma yana da rauni, gishiri da raɓa na cinye shi, shi ya sa magina ke shimfiɗa katako tsakanin sahun duwatsu don a raba nauyi, sannan su shafe bango da farar ƙasa. Gidan da aka daina yi wa wannan shafe sai ka ga ya fara karkata. Ɗaga kai ka dubi tagogin da suke kira rawashin: akwatunan katako ne da suka turo daga bango, an yi musu sassaƙa mai ƙananan ƙofofi, iskar teku ta shiga, rana ta tsaya a waje, matan gida su ga titi ba tare da an gan su ba. Gidan Nasif shi ya fi suna. A ciki Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo garin, kuma akwai tsohuwar bishiyar darbejiya a ƙofarsa. Daga nan Kasuwar Alawi da Masallacin Shafi'i duk tafiyar ƙafa ce. Ka je bayan La'asar. Da tsakar rana yawancin shaguna a rufe suke, zafi kuma ba zai bar ka ka ji daɗin yawon ba.

Hausawa ma ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Kakanni da yawa sun bi ta Chadi da Sudan a ƙafa, suna yada zango suna noma ko ƙodago, shekara da shekaru, kafin su tsallaka ruwa daga Sawakin, tashar jiragen ruwa da ke gaɓar Sudan. Wasu ba su koma ba. Jikokinsu ne ke amsa sunan Hausawi a Saudiyya, irin su Usama Hausawi, tsohon kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar. Sai dai wanda ya san tsofaffin unguwannin kudancin gari irin su Karantina da Gulail zai tarar da abubuwa sun sauya, domin daga ƙarshen 2021 hukuma ta rushe unguwanni masu yawa a wannan shiyyar.

Tambaya: Ni mace ce, karon farko zan je Umara, jirginmu kuma a Jiddah zai sauka. Zan iya bari sai mun sauka in yi niyya?

Amsa: Hajiya, nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. A wajen mafi yawan malamai Jiddah ba miƙati ba ce ga wanda ya taho daga nesa, tana cikin da'irar miƙatai ne. Mazaunin garin daga gidansa yake ɗaukar harami, amma wanda jirginsa ya ratsa saitin wani miƙati, kamar Yalamlam ko Juhfa, tun a sama ya kamata ya yi niyya. Akwai malaman da suka yi sassauci, amma fita daga saɓani ya fi kwanciyar rai. Ki yi wanka tun kafin ki baro masauki, ki shiga jirgi da shirinki, idan an yi sanarwar kusantar miƙati ki yi niyya ki fara Labbaika. Ba kowane kamfanin jirgi ke sanarwa ba, don haka ki tambayi ma'aikatan jirgin tun da wuri. Ga maza kuma, kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa haramin cikin babbar jaka a ba da ita awo. A jakar hannu ake sa shi. Idan kuwa daga Jiddah Madina za ku wuce kai tsaye, ba harami a kanku sai ranar tahowa Makka, ku ɗauka a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali.

Tambaya: Wane lokaci ne zafin garin yake da sauƙi? Kuma na ji ana ambaliya, ta yaya ƙasar da ba ruwan sama za ta yi ambaliya?

Amsa: Daga Disamba zuwa Fabrairu ne garin ke daɗi, rana ba ta cika wuce digiri 30 ba, dare kuma ya sauko wajen 20. Daga Yuni zuwa Satumba ana dosar 40, amma ba lambar ce matsalar ba. Iskar a jiƙe take da tururin teku, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, mutum ya galabaita ko a inuwa yake. Ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka. Ruwan famfonsu daga teku ake tace shi, galibin mutane na roba suke sha.

Batun ambaliya gaskiya ne. Garin shimfiɗe yake a kan fili tsakanin teku da duwatsun Hijaz da ke gabas. Ruwan shekara ɗan kaɗan ne, amma yakan zo a dunƙule tsakanin Nuwamba da Janairu. Busasshiyar ƙasa ba ta shan sa, sai ya gangaro ta kwazazzaban da mutane suka riga suka gina gidaje da tituna a cikinsu. A ranar 25 ga Nuwamba 2009 ruwan 'yan sa'o'i ya hallaka mutum fiye da 100, aka sake yin wata a Janairun 2011. An gina madatsu da magudanai bayan haka, duk da haka idan hadari ya haɗu kada ka bari direba ya shiga da kai hanyar da ta bi ta ƙarƙashin gada, nan ruwa ke fara taruwa.

Tambaya: Da gaske kabarin Nana Hauwa'u yana Jiddah?

Amsa: Akwai maƙabarta kusa da Al-Balad mai wannan suna, kuma labarin ya daɗe a bakin mutane, amma ba wani ingantaccen nassi da ya tabbatar da shi. An rushe ginin da ke kan wurin tun shekarun 1920. Ba abin da za ka gani sai katanga.

Tambaya: Mota ko jirgin ƙasa, wanne ya fi daga Jiddah? Me kuma zan kiyaye?

Amsa: Jirgin ƙasan Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana gudun kilomita 300 a sa'a. Makka ƙasa da sa'a guda, Madina wajen sa'a biyu, maimakon huɗu zuwa biyar a mota. Tasha biyu gare shi a Jiddah, ɗaya a Sulaimaniyya, ɗaya a jikin sabon ginin filin jirgi mai lamba 1. Idan a ginin arewa ko na alhazai aka sauke ka, sai ka sake shiga mota kafin ka kai tashar, don haka kada ka sayi tikitin da ya matse da lokacin saukarka. A jirgin ƙasan kuma ana taƙaita kaya, babbar jaka ɗaya da ta hannu. Mai kaya niƙi-niƙi ko mai iyali da yawa, mota ta fi masa, a Makka ma za ta kai shi har ƙofar masauki. A cikin gari yi amfani da Uber ko Careem. Idan tasi ce ta titi, ku gama ciniki kafin ka zauna.

Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala ɗaya, ba sai ka yi ta yawon neman canji mai tsoka ba. Hutun mako Juma'a da Asabar ne, kada ka sa ran ofis a buɗe. Layin waya na STC ko Mobily ko Zain da fasfo ake sayen sa, a ɗauki hoton yatsa. Tafi da katin rigakafin shawara da na sanƙarau. Wajen abinci, kada ka tsaya kan kazar Al Baik kawai, ko da yake a nan Jiddah aka fara ta a 1974. Nemi sayadiyya, shinkafa da kifi da aka dafa da soyayyar albasa, ko ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis da safe.

Babban abin kiyayewa shi ne jakarka. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya kisa ne, kuma “aika aka ba ni” ba ya fitar da mutum. Kada ka karɓi ƙullin kowa ba ka buɗe ka gani ba, ko da ɗan'uwa ne ya ba ka. Goro ma an hana shiga da shi. Maganin da likita ya rubuta maka kuwa, bar shi cikin kwalinsa na asali, ka haɗa da takardar likitan mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo.